Jigawa, fadama da kurmi: tafiyar ƙafa a kewayen ƙauyen Dunwich

A gabashin Ingila, a gundumar Suffolk, akwai wani ƙauye a bakin Tekun Arewa mai suna Dunwich, wanda mazaunansa ba su kai mutum 200 ba, kuma yawancin gidajensa a jere suke a gefen titi guda. Abin da ke jawo masu sha'awar tafiyar ƙafa zuwa wurin shi ne, a cikin yini ɗaya mutum zai taka ƙasa iri uku waɗanda ba su yi kama da juna ba: jigawa mai yashi a kan gaɓar teku, fadama mai kyauro ta kudu da ta arewa, da kuma kurmi ta yamma. Yawancin baƙi idan suka tsaya a tsakiyar jigawar sukan ɗauka cewa daji ne yadda Allah Ya halicce shi, wanda hannun ɗan Adam bai taɓa ba. Ni kuwa abin da hanyoyin nan suka nuna mini akasin haka ne, domin da wuya a sami taki ɗaya a wannan yanki wanda ba aikin mutane ne ya mai da shi yadda yake ba, kuma da za a janye hannu daga gare shi shekara ashirin ko talatin, da wanda ya san shi a yau ba zai gane shi ba.

Abin da ya ba baƙo ikon ratsa ƙasar da ba tasa ba shi ne doka. A Ingila akwai hanyoyin ƙafa da aka amince cewa na jama'a ne, ko da sun bi ta tsakiyar gona ko ta bayan gidan wani, kuma mai ƙasar ba shi da ikon toshe su. Dokar 1949 ce ta ɗora wa hukumomin gundumomi nauyin zana waɗannan hanyoyi a taswirar hukuma, sannan dokar shekarar 2000 ta ƙara buɗe wasu filaye, ciki har da na jigawa, domin mutane su yi yawo a cikinsu. Rawayar kibiya a jikin turke tana nufin hanyar ta masu ƙafa ce kawai, shuɗiya kuwa tana nufin za a iya haɗuwa da mahaya dawakai da masu kekuna. Dogayen hanyoyi biyu ne suka ratsa ta Dunwich: ɗaya tana bin gaɓar teku daga Felixstowe zuwa Lowestoft, tafiyar kimanin kilomita 80, ɗayar kuma ana kiranta Sandlings Walk, ta taso daga Ipswich ta nufi Southwold, kuma hoton yautai ne alamarta.

Wanda ya nufi kudu daga ƙauyen zai fara hawa wani ɗan tudu, ya iske kufan gidan ibadar Greyfriars, inda ganuwar dutse da ƙofofi biyu suke tsaye a tsakiyar makiyaya. A nan ne ake fara fahimtar cewa Dunwich ba ƙauye ba ne tun asali. Lokacin da aka yi babbar ƙidayar ƙasa ta 1086, an kiyasta cewa mutum wajen 3,000 ne a garin, abin da ya sa shi cikin manyan garuruwan Ingila na wancan zamani, yana da tashar jiragen ruwa da majami'u da dama. Guguwar teku ta 1286 da ta 1287, da wata a 1328, su ne suka tara tsakuwa a bakin tashar har ta toshe, kogin ya sauya mafita zuwa arewa, ciniki ya bi shi. Abin da ya rage kuma teku ya ci gaba da gutsurarsa, domin gaɓar nan yashi ce da tsakuwa, kuma a matsakaicin lissafi tana ja da baya kimanin mita ɗaya a shekara. Majami'ar All Saints, wadda ita ce ta ƙarshe cikin tsofaffin, ta rufta a hankali tsakanin 1904 da 1919, kuma a gefen hanyar, cikin 'yan itatuwa, akwai kabari guda da ya rage daga maƙabartarta. Wani abin mamaki shi ne, garin ya ci gaba da tura wakilai biyu zuwa majalisar dokoki ta Landan bayan yawancinsa ya nutse, har sai da gyaran dokar zaɓe na 1832 ya soke kujerun. A ganina wanda ya shige wannan wuri da sauri domin ya isa jigawa ya yi asara, domin duk abin da zai gani gaba, teku ne ke riƙe da wa'adinsa.

Daga kufan hanyar tana shiga wani ɗan kurmi mai inuwa, ta tsallaka titi, sai kwatsam itatuwa su ƙare, sarari ya buɗe. Wannan ita ce jigawar Dunwich, wadda ƙungiyar National Trust, mai kare wuraren tarihi da filaye, ke kula da ita tun 1968. Ƙasar yashi ce mai tsami, marar taki, ba ta riƙe ruwa, shi ya sa tsirrai kaɗan ne ke iya zama a cikinta. Babba a cikinsu shi ne wani guntun tsiro mai taurin jijiya da ake kira heda, wanda tsayinsa bai cika wuce gwiwa ba, sai kuma ƙayar gos mai rawayar fure, wadda idan rana ta buge ta takan yi ƙamshin kwakwa. Daga watan Yuli zuwa Satumba heda kan yi fure, duk filin ya koma shunayya da ruwan hoda har iyakar ganin ido, teku kuma yana shimfiɗe a gefe ɗaya. A sauran watanni launinsa ƙasa-ƙasa ne, kuma wanda ya zo a watan Fabrairu yana neman abin da ya gani a hotuna zai koma da ƙorafi.

Dubban shekaru da suka wuce wannan wuri kurmi ne. Manoman farko ne suka sare itatuwan, ruwan sama ya wanke ɗan takin da ke cikin yashin, daga nan kuma tumaki da zomaye suka hana itace sake tsirowa. Ɗaruruwan shekaru ana kiwon tumaki a waɗannan filaye, ana saran ƙayar gos domin hura wuta, ana yankar ganye domin shimfiɗar dabbobi, kuma wannan ci da sara shi ne ya riƙe jigawar a matsayin jigawa. Da kiwon ya daina biyan kuɗi, sai aka nome wani sashe da takin zamani, aka dasa itatuwa a wani, aka gina filayen jiragen sama da gidaje a wani. Sannan daga 1953 wata annoba ta hallaka mafi yawan zomayen ƙasar, aka rasa masu cinye ƙananan tsirrai. Birtaniya ta yi asarar kusan kashi 80 cikin 100 na irin wannan jigawa tun daga shekarar 1800, kuma abin da ya rage a Suffolk gutsattsari ne a warwatse.

Wanda ya sa ido a gefen hanya zai ga alamun aikin da ake yi domin a riƙe abin da ya rage. Akwai kututturan ƙananan itatuwa masu farin ɓawo waɗanda aka sare a lokacin hunturu, domin idan aka bar su za su yi inuwa su kashe heda. Akwai wuraren da aka daddatse heda a tsayi dabam-dabam, tsoho a nan, sabon toho a can, domin kowane irin tsuntsu da ƙwaro ya sami wanda ya dace da shi. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani fili da aka kankare har yashi ya fito fili, wanda da farko za a ce an ɓata wurin ne. Amma idan aka durƙusa aka duba, sai a ga yashin cike da ƙananan ramuka, kowanne da ɗan tarin ƙasa a bakinsa, ƙudan zuma da zanzaro masu zaman kaɗaici suna shiga suna fita, domin ba sa iya haƙa gida sai a ƙasa mai ɗumi wadda ba ciyawa. A jigawar Westleton da ke maƙwabtaka akwai wani shuɗin malam-buɗe-littafi wanda rayuwarsa ta rataya a kan baƙaƙen tururuwa: su ke tsare tsutsarsa daga maƙiya, ita kuma tana ba su wani ruwa mai zaƙi da ke fita daga jikinta. Idan ciyawa ta yi tsawo ƙasa ta yi sanyi, tururuwan su tashi, shi ma ya ɓace.

Tsuntsaye biyu ne suka sa wannan jigawa ta yi suna. Na farko wani ɗan ƙaramin tsuntsu ne mai dogon wutsiya da jan ido, wanda yakan hau kan ƙayar gos ya yi ɗan kuka mai kaushi sannan ya faɗa cikin ƙayar ya ɓuya. Ba ya ƙaura, saboda haka tsananin sanyi na kashe shi. Hunturun 1962 zuwa 1963 ya kusa share shi daga Birtaniya gaba ɗaya, kuma sai a shekarun 1990 ya dawo yin sheƙa a Suffolk. Na biyu shi ne yautai, wanda ke zuwa a watan Mayu daga Afirka kudu da Sahara, ya yi ƙwai a ƙasa ba tare da gina sheƙa ba, ya koma wajen watan Agusta zuwa Satumba. Ba a ganinsa da rana, amma wanda ya daure ya tsaya har magariba a watan Yuni zai ji gurzar muryarsa tana tafiya ba yankewa na tsawon mintoci. Saboda waɗannan masu ƙwai a ƙasa ne doka ta ce daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli dole kare ya kasance a ɗaure da gajeriyar igiya a irin waɗannan filaye. Na lura cewa wannan ita ce ƙa'idar da aka fi karyawa, kuma kowane mai kare yana da yaƙinin cewa nasa ba ya ɓarna. Akwai kuma maciji dangin kububuwa, wanda shi kaɗai ne mai dafi a Birtaniya. Yakan sha hantsi a gefen hanya, kuma yakan gudu idan ya ji motsin ƙafa, sai dai karen da ya cusa hanci cikin heda yakan sha sara.

A ƙarshen jigawar akwai wasu fararen gidaje da masu gadin gaɓar teku suka zauna a da, yanzu ana shan shayi a ciki. Daga nan ake hango fadamar Minsmere a ƙasa, can gabanta kuma ga farar ƙubbar tashar nukiliya ta Sizewell B, wadda ta fara aiki a 1995. Wasu sukan juya mata baya idan za su ɗauki hoto. Ni ban ga dalilin yin haka ba, tunda ita ma tana cikin labarin gaɓar nan, kuma aikin gina sabuwar tasha a gefenta, wanda gwamnati ta amince da shi a 2022, shi ne babban abin da mutanen yankin ke muhawara a kai.

Fadamar Minsmere ita ce ta fi fito da abin da nake nufi. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu makiyaya ce da aka janye wa ruwa ana kiwon shanu. A 1940, saboda tsoron kada sojojin Jamus su sauka a wannan gaɓa, sai aka sako ruwa da gangan ya malale ta. Kyauro ya tsiro ya cike wurin, kuma a 1947 wani tsuntsun ruwa mai launin fari da baƙi, mai siririn baki da ya lanƙwashe sama, ya dawo ya yi ƙwai a nan da tsibirin Havergate, bayan kimanin shekara 100 ba ya sheƙa a ƙasar. A wannan shekarar ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta karɓi kula da wurin, daga baya ta saye shi a 1977, kuma hoton wannan tsuntsu ne tambarinta har yau. Tafkin da baƙi ke zama a rumfunan katako suna kallo ma haƙa shi aka yi: mai kula da wurin, Bert Axell, shi ne ya sa aka kankare ƙasa a farkon shekarun 1960, aka yi tafki marar zurfi mai ƙananan tsibirai, ana daidaita yawan ruwan da gishirinsa ta hanyar buɗe ƙofofin ruwa da rufe su. An kwaikwayi wannan dabara a ƙasashe da dama.

Kyauro ma ba ya zama yadda yake idan aka ƙyale shi. Kowace shekara busasshen ganyensa yana zuba, ƙasa tana tasowa, ruwa yana ja, har itatuwa su samu gindin zama, fadama ta zama kurmi. Wanda ya fi shan wahalar wannan shi ne wani tsuntsu dangin zalɓe mai launin busasshen kyauro, wanda ke kamun kifi a gefen ruwa cikin ciyawa. Ganinsa sai an yi sa'a, amma a watannin Maris zuwa Yuni namijin yakan yi wani kuka mai zurfi, kamar an hura iska a bakin tulu, wanda ake ji daga nesa ƙwarai. Da wannan kuka ake ƙirga su, kuma a 1997 maza 11 kacal aka ji a duk Birtaniya. Da aka gano cewa bushewar fadama ce matsalar, sai aka shiga da injuna aka rage tsayin ƙasa, aka haƙa magudanai, aka ƙara ruwa, kuma yanzu adadin ya haura 200. Haka shahon fadama, wanda a 1971 ma'aurata guda kawai suka rage a ƙasar, kuma a Minsmere suke. Yau da wuya mutum ya yi rabin sa'a a nan bai ga ɗaya yana shawagi ƙasa-ƙasa a kan kyauro ba. Ana kuma sakin wasu dawakai 'yan asalin Foland su yi kiwo cikin ruwa, domin su buɗe sarari a inda injin ba zai shiga ba. Shiga cikin gandun tsuntsayen na Minsmere yana da kuɗi ga wanda ba ɗan ƙungiyar RSPB ba, amma hanyar jama'a da ke bin bakin teku kyauta ce, kuma akwai dandamalin kallo a kanta.

Kurmin Dunwich, wanda ake ratsawa idan an juya ta yamma, shi ne sashen da ya fi ƙarancin burge ni. Hukumar gandun daji da aka kafa a 1919, bayan ƙarancin katako na Yaƙin Duniya na Ɗaya, ita ce ta dasa shi a shekarun 1920 a kan ƙasar da yawancinta jigawa ce. Itatuwa ne masu siraran ganyaye, a jere layi-layi, ƙarƙashinsu duhu da shiru. Guguwar daren 15 zuwa 16 ga Oktoba 1987, wadda ta kayar da itatuwa wajen miliyan 15 a kudancin Ingila, ta yi masa mummunar ɓarna, amma sararin da ta buɗe ya amfani yautai. Yanzu ana mai da wani sashe zuwa itatuwan ƙasar na asali da jigawa. Amfaninsa ga matafiyi shi ne yana tare iskar teku, kuma a watan Oktoba ana jin rurin mazan jajayen barewa daga wajen Westleton. Wanda ya bi ta cikin dogayen ganyaye ya duba ƙafafunsa da yamma, domin akwai kaska, kuma wasunsu na ɗauke da cuta.

Hanyar arewa, wadda ta nufi ƙauyen Walberswick, ita ce na fi so. Tana farawa daga majami'ar St James, inda kufan ɗakin ibadar wani asibitin kutare na ƙarni na 12 yake tsaye a harabar, ta bi tsakanin gefen kurmi da fadamar Dingle, sannan ta sauka cikin fadamar Westwood, ɗaya daga cikin mafiya girman filayen kyauro a Ingila. Ita ma makiyaya ce da aka malale a lokacin yaƙi, kuma hasumiyar bulo da ke tsaye a tsakiyarta ragowar injin iska ne da ake janye ruwa da shi a da. A nan hanyar takan bi kan katakan da aka shimfiɗa, kyauro ya fi mutum tsawo hagu da dama, ba a ganin komai sai sama da hasumiyar. Idan iska ta lafa, ana jin wasu ƙananan tsuntsaye masu launin ƙasa suna wani siririn kuka mai ƙara, kuma idan aka tsaya cik sai a ga namijin ya hau karan kyauro, da toka-tokan kai da baƙin zane a kowane gefen baki, karan yana lanƙwasa da nauyinsa. A lokacin hunturu ana yankar kyauro a wasu sassa domin rufin gidaje, kuma wannan yanka yana taimaka wa fadamar.

Dawowa ta bakin teku gajeriya ce a taswira, amma ta fi gajiyarwa, domin tafiya ce a kan tsakuwa mai zamewa, ƙafa tana nutsewa a kowane taku. Mai dabara yakan duba jadawalin cikar teku, ya fito lokacin da ruwa ya ja, ya bi jiƙaƙƙen yashin da ke ƙasa. Ya kamata a nisanci gindin gaɓa mai tsayi da ke kudancin ƙauyen da kuma bakinta ta sama, domin tana ruftawa ba gargaɗi. Taswirar hukumar zana taswira ta Ordnance Survey mai ma'aunin 1:25,000 ta fi waya amfani a cikin kurmi, kuma tashar jirgin ƙasa mafi kusa ita ce Darsham, wadda ke da 'yar tazara daga ƙauyen.

Tudun tsakuwar da ake bi a bakin tekun nan shi kaɗai ne ya raba ruwan daɗi na fadamar Dingle da ruwan gishiri. A da ana turo tsakuwar da katafila ana ƙara masa tsayi bayan kowace guguwa, daga baya hukuma ta daina, domin aikin yana cin kuɗi kuma tudun da aka tsayar da ƙarfi ya fi saurin fashewa. Ambaliyar teku ta 5 ga Disamba 2013, mafi girma a wannan gaɓa tun bayan ta 1953, ta keta shi ta shigar da gishiri cikin fadamar, kuma gishiri yana kashe kifin da tsuntsayen kyauro ke ci. Masu kula da wurin sun yarda cewa sannu a hankali wani sashe zai koma fadamar gishiri, saboda haka tun tuni aka fara shirya madadi a cikin ƙasa, nesa da teku. A Lakenheath, a yammacin Suffolk, ƙungiyar RSPB ta sayi gonakin karas a 1995, ta haƙa magudanai, aka dasa kyauro da hannu, kuma yanzu wannan tsuntsu mai zurfin kuka yana sheƙa a can kowace shekara.